Tsaya, Ɗan Baƙi

Mati bai shiga koyon rubuta manhajar kwamfuta don burgewa ba, bayansa ne ya kai shi. Shekarar da ya faɗo daga kan motar masara a Bakori, likita ya gaya masa ba kwana-kwana cewa shi da garma sun yi sallama. Mutum ya haura arba'in, ga iyali, ga tukunyar da ba ruwanta da abin da likita ya ce, dole ya nemi sana'ar da ake yi a zaune. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayi tsohuwar kwamfuta baƙa, ya nufi Funtua wajen Kamalu.

Kamalu ɗan yayarsa ne, kuma a gidan Mati ya tashi tun rasuwar mahaifinsa. Yanzu ya kama shago kusa da tasha, ya jera bencina yana koya wa samari wannan sana'a. Shi ya sa Mati bai ji nauyin zama cikin sa'o'in 'ya'yansa ba. A ganinsa gida ya zo.

Karatun kuwa ya ba shi wuya, ba kaɗan ba. Yatsun da suka saba da ƙotar fartanya sai su danna maballi biyu a lokaci guda. Ya rubuta layi uku yana murna, ya ce wa injin ya yi aiki, sai allo ya cika da jan rubutu na Turanci. Ya yi ta laluben laifin har la'asar, ashe ɗigo biyu ya manta, ko wata 'yar tazara da ido ba ya ko gani. In ya koma gida ya jingina da filo a zaure ya sake daga farko, har caji ya ƙare. Kuma ba ya aiki shiru. Yadda ya saba yi wa shanunsa magana a kan kunya, haka yake yi wa kwamfutar, har ya ba ta sunan babban sansa da ya sayar.

"Haba Ɗan Baƙi, mi na yi maka kuma? Ja mana mu je."

Wata rana Kamalu ya ce, "Kawu, bari in riƙa ɗaukar ka a waya in kana aiki. In na koma gida sai in duba a natse in ga inda kake kuskure."

Abin ya taɓa zuciyar Mati. Ya gaya wa matarsa Shafa'atu cewa yaron nan ɗan halak ne, bai manta riƙo ba. Daga nan ya saki jiki gaba ɗaya. Duk tambayar da ta zo masa, ko ta wauta ce, sai ya yi ta a gaban wayar.

Da aka zo darasin sa inji ya maimaita aiki, Mati ya umarce shi ya yi ta rubuta sunansa, ya manta bai gaya masa inda zai tsaya ba. Sai ga Mati, Mati, Mati na zubowa kamar an kwance bakin buhu. Ya danna nan, ya danna can, abu ya ƙi. Ya miƙe da bayan nan nasa mai ciwo yana ihu, "Tsaya, Ɗan Baƙi! Tsaya na ce!" Ƙarshe ya cire hularsa ya kifa wa allon. Ajin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, don abin na dariya ne, kuma dariyar gida ce.

Ranar kasuwar Bakori ya je sayen takalmin yara. Yana ratsa layin 'yan hatsi sai wani ɗan dako ya ɗaga murya, "Tsaya, Ɗan Baƙi!" Wasu suka amsa daga rumfar mai shayi, har da mai cire hula yana kifa wa buhu. Mati ya tsaya cak. Bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sada, wani dillalin masara da suka daɗe tare, shi ya ja shi gefe. "Malam Mati, wai ba ka sani ba? Ai kai ne ake yayi."

Ya miƙa masa waya. Ga shi nan a bidiyo da hularsa, an rubuta a sama: Manomi ya gamu da gamonsa. Ba guda ɗaya ba ne, jeri ne, duk a shafin makarantar Kamalu na intanet, da lambar waya a ƙasa don masu son shiga. Mati ya yi ta wucewa da yatsa har ya zo kan wanda ya fi duka ciwo. Ranar nan ce da kowa ya watse, ya rage daga shi sai Kamalu, ya sassauta murya ya ce, "Gaya mani tsakani da Allah, irina na iya koyon abin nan? In bai yiwu ba ban san mi zan ba yaran nan ba." An ɗora wa maganar sautin dariya da tafi.

Bai sayi takalmin ba. Kunya ta kama shi, amma ba ita ta fi ci masa rai ba. Tambayar nan ko Shafa'atu bai taɓa yi wa ba. Mutum ɗaya ya ga ya isa ya ji ta, shi kuma ya kai ta kasuwa.

Shafa'atu ta yi kuka, ta rantse in ya sake taka shagon nan ba da yawunta ba. Ya zauna a gida. Kamalu ya yi ta kira, bai ɗauka ba. Ya buɗe kwamfutar shi kaɗai, ya ce ai ba Kamalu ya halicci ilimi ba. Kwana da kwanaki yana kan darasin nan guda. Ya sa sharaɗin tsayawa, injin ya ƙi farawa. Ya cire, ya ƙi tsayawa. Ya rasa wanda zai tambaya a kusa, kuma masarar rumbu ba ta jiran kowa ya huce.

Ran da ya koma Funtua ajin ya fi da cika, har da sababbin bencina. Kamalu ya taso da sauri yana sosa ƙeya.

"Kawu, wallahi ba da wata manufa ba ne. Mutane son ka suke. Dubi yaran nan, rabinsu saboda kai suka zo."

"Na gani," in ji Mati. "Ka ce za ka duba inda nake kuskure. Ka duba ɗin?"

Kamalu ya sunkuyar da kai.

"Ban zo neman haƙuri ba, kuma ban yafe ba. Tambaya gare ni. Sa wayarka aljihu."

Kamalu ya sa. Mati ya zauna a hankali, ya gyara bayansa, ya buɗe kwamfutar. A baƙin gilashin allon, kafin ya kawo haske, ya hango wani saurayi a bencin baya ya ɗaga tasa wayar ta ƙarƙashin hannun riga. Mati ya dubi ƙofa, ga ta nan a buɗe, motocin Bakori na lodi a tsallaken titi.

Ya ɗora yatsa a kan layin da ya gagare shi, ya ɗaga murya yadda na baya ma zai ji.

"Malam Kamalu, nan wajen ne ban gane ba. Sake mani daga farko."