Mai Keken Cikin Fosta

Ranar da aka ɗauki hoton mai gyaran agogo a kan kekensa, unguwa ba ta huta ba. Ya shigo layi yana kaɗa ƙararrawa kamar wanda aka yi wa haihuwa, tun daga bakin shagon tela yake ihu: "Za a sa ni a fosta! Ma'aikatan kula da titi da kansu suka ɗauke ni!"

Shekara talatin da ɗaya yana hawan keken nan, ko kaza bai taɓa takawa ba, to wa za a nuna wa duniya in ba shi ba? Abin da ya fi faranta masa rai kuwa, babbar 'yarsa mai aikin jinya za ta gani. Ta daɗe tana mita cewa ya tsufa da keke, har ta rantse ranar da ta ji ya yi ganganci sau ɗaya, ranar za ta ɗauke keken.

Sati biyu bakinsa bai rufu ba. Har aski ya je ya yi, alhali an riga an ɗauki hoton. Duk wanda ya kawo agogo sai ya sha labari kafin a taɓa masa agogon.

Da aka kafa fostar a mararraba, ya turo kekensa, ya kwaso matarsa da tela, ya kira 'yar a waya ta same su can.

Ga shi kuwa a jikin fostar, ya fi ƙofar gida girma, a tsakiyar titi, hannu ɗaya a sama, haƙora duk a waje, motoci sun sa shi a tsakiya. A ƙasa an rubuta da jan fenti: MAI KEKE, KADA KA ZAMA KAMAR WANNAN. TSAYA A LAYINKA.

Tela ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Matar ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

"Malam, amma fa ka yi kyau," ta ce, hawaye na zubo mata.

Kunya ta kama shi, sai kuma tsoro, don ga 'yar tana saukowa daga bas. Ta karanta fostar daga sama har ƙasa.

"Baba, kai ne wannan?"

"Ni ne, amma saurara! Motar ma'aikatan ce ta tare layin keke ranar. Mai hoton ma a kanta ya tsaya, ya ce, 'Baba, ɗaga hannu!' Na ɗaga. Sun yanke motar, sun bar ni!"

Tela ya miƙe yana nuni. "Kai, ku dubi inda suka kafa ta!"

Ƙafafun ƙarfen fostar suna tsakiyar layin keke daram. Duk mai keken da ya zo dole ya kauce ya faɗa cikin motoci. Nan fa murna ta dawo sabuwa. Mai burodi ya kauce, tela ya yi ihu, "Ga wani mai laifin!" Mai jarida ya kauce, mai gyaran agogo ya tafa har da tsalle. Wata mata ta kauce, madubin tifa ya wuce dab da kunnenta.

"Kin gani da idonki!" ya ce wa 'yar, yana haki don daɗi. "Laifina ne?"

Ita ba ta yi dariya ba. Idonta na kan matar nan da ta kauce har ta ɓace.

"Ba laifinka ba ne, Baba, wallahi na yarda. Waɗanda ake kawo mana asibiti ma, yawancinsu ba laifinsu ba ne."

Ta kama kan keken ta fara turawa. Ga gaskiya a hannunsa, amma ya rasa yadda zai yi da ita. Ya bi ta a baya, yana ce mata ta yi a hankali da birkin baya, ba ya son a matse shi da ƙarfi.