Gaɓa ta Uku

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa mijina Siméon harshe, kuma wata huɗun nan kalma guda muke fama da ita: remercier, wato yin godiya da Faransanci. Madam Solange, mai koyar da magana a asibitin birnin Numeya, ita ta ɗora mana. Wai a raba ta gaɓa uku, a bugi tebur sau uku: re, mer, cier.

Mutumin da in ya miƙe jawabi a tsibirinmu na Lifu kowa ke tsit, yau shi ke dukan tebur kamar ɗan aji ɗaya. Gaɓar farko takan fito. Ta biyu ta maƙale a maƙogwaro, sai ka ce zai yi kaki. Ta uku kuwa ba mu taɓa jin ta ba.

"Haba Baban Elia, sake mana! Buɗe bakin."

Ya harare ni, ya ture kofin shayi.

Na ce, "Ture mana. Ai ba ni zan zauna gaban surukai ba."

Abin da ke cina ke nan. Ranar Asabar za mu kai doya da ƙyalle gidan yarinyar da ɗanmu Elia zai aura, kamar yadda al'adarmu ta neman aure take, kuma uban ango ne ke godiya da bakinsa. Mutanen Kanala ne, ba sa jin yarenmu, sai Faransanci. In ya kasa, ƙanensa ya yi, shi kuma ya zama hoto a auren ɗansa.

Asabar ta zo. Aka shimfiɗa ƙyalle, ƙanen ya yunƙura, Siméon ya janyo shi ya zaunar. Ya bugi tabarma.

"Re."

Ya sake bugawa. "Mer," a karkace.

Ya buga na uku. Shiru. Gumi ya karyo masa. Na buɗe baki zan ƙarasa masa, ya damƙe mini hannu har na ji zafi. Aka yi ta jira, ba ta zo ba. Uban yarinya ya sunkuyar da kai, ya ɗauki ƙyallen, alamar ya karɓa.

A mota takaici ya cika ni. Mun yi nisa sai na ji ya bugi gwiwata sau uku, yana kallona.

"Re. Mer. Cier."

Ta fito tsaf, ba gargada.

Na ce, "Sai yanzu, tsohon banza?" Na juya fuskata taga don kada ya ga hawayen.