Ƙuri'a a Gwangwanin Biskit

Shekara talatin da ɗaya Ishbel Rennie ta yi tana zuba wa yaran makarantar garin abinci, saboda haka da wuya ka sami magidanci a tashar jiragen kamun kifi da bai taɓa miƙa mata faranti ba. Shi ya sa da ƙungiyar masu son Scotland ta ɓalle daga Birtaniya ta tashi jin ra'ayin jama'a gida-gida, ita aka fara miƙa wa takardu. Ta maƙala shuɗin bajon ƙungiyar a ƙirji, ta bi layi-layi tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Sakamako ya yi kyau har ya yi yawa: cikin kowane mutum ɗari, sittin da takwas sun ce e. Shugaban ƙungiyar, Struan Geddes, lauya mai son jin muryar kansa, ya ce an gama da garin nan. Ranar Asabar za a zauna a rufe ofis, a kwashe 'yan sa-kai zuwa birnin Aberdeen. Hankalin Ishbel bai kwanta ba. Ta san garinta, ta kuma san idan aka janye bisa lissafin banza, ranar ƙuri'a ƙasa za su sha.

Ta sami ƙanenta Dod a bakin ruwa yana gyaran raga.

"Dod, sunanka na cikin masu e."

"Ai ke kika sa."

"Kai ka ce in sa."

"Cewa na yi ki sa abin da zai sa ki tafi, yaya, shayina na hucewa." Ya ja zare da haƙori. "Ni London ba ta yi min ba, Edinburgh ɗinku ta Scotland ma ba ta yi min ba. Duk wanda zai zauna a ofis ya faɗa min kifi nawa zan kama, ɗaya ne a wurina, ko da wace tuta ya zo. A bar mutum da jirginsa. Akwai gurbin wannan a takardarki?"

Babu. Ta ce, "Sauran fa?"

"Ki tsaya musu a ƙofa da bajo kamar murfin tukunya, ke da kika riƙa ƙara musu dankali suna yara, ki sa ran su ce miki a'a? Ni da na fi su taurin kai ma ban iya ba."

Maganar ta yi mata zafi, don ta san gaskiya ce. Ashe wata biyun nan ba ra'ayin mutane take tarawa ba, kunyarta da suke ji take tarawa.

Washegari ta cire bajon, ta juye biskit ɗin da ke cikin wani gwangwani, ta huda murfin da wuƙa. Ta sake bin gidajen. A kowace ƙofa sai ta miƙa takarda da biro, ta juya baya tana kallon titi har sai ta ji an jefa a gwangwanin. In ta kai ƙarshen layi ta juye takardun a ambulan ba tare da ta duba ba, ta manne, ta rubuta sunan layin. Kwana uku tana wannan, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ranar Asabar ta zube ambulan ɗin a kan tebur, ta ce a ƙirga a gaban kowa kafin a rufe komai. Struan ya yi murmushin lauyoyi.

"Misis Rennie, wannan fa ba bincike ba ne. Gwangwanin biskit ne."

"Naka ma ba bincike ba ne, Struan. Na san ka tun kana ɓoye kabeji a aljihu kana ce min ka cinye. Zauna a ƙirga."

Ya zauna. Sakatariya Elspeth ta riƙa buɗewa tana karantawa. Tun ba a kai ƙarshe ba kowa ya ga inda aka nufa: masu e ba su kai rabi ba. Aka kaɗa ƙuri'a ta ɗaga hannu, ofis ya tsira, 'yan sa-kai za su zauna. Ishbel ba ta yi murna ba, amma ta ji nauyi ya sauka daga kanta.

Saura ambulan ɗaya, na Layin Coci, inda take zaune. Elspeth ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"A'a, goma sha tara. E, uku."

Gidan Ishbel kaɗai mutum huɗu ne: ita, da mijinta Alec, da 'yarsu, da mijin 'yar. Duka huɗun sun jefa takarda jiya a teburin karin kumallo, ana raha. Ke nan ko a gidanta akwai wanda ya ce a'a. Ta waiga. Alec na can baya riƙe da rigar ruwanta, ya zuba wa silin ido.

Struan ya gyara murya, yanzu kam a hankali. "To, sai a raba layuka, a koma lallashin mutane. Wa zai ɗauki Layin Coci?"

Ishbel ta jawo takardun gabanta.

"Ni. Gidan farko ma ba sai na ƙwanƙwasa ba, ina da makulli."