Dutsen da Ya Zauna a Cinyata

Ni na fara ganinsa. Kafin masu farar riga, kafin injinansu, kafin ma a haifi uwar yarinyar da ta auna shi, idon nan nawa ya gan shi yana walƙiya a bangon rami. Haka na faɗa a cikin bas ran da za mu je awon, kuma da ƙarfi na faɗa, har kwandasta ya juyo.

"Baba, me ka fara gani?"

"Kai yaro, kada ka tono shi," in ji taubashina da ke zaune kusa da ni. "In ya soma, sai mun wuce tasharmu bai kai rabi ba."

Ɗan kawuna ne, Makaniki muke ce masa. Tare muka yi aiki a mahaƙar ma'adinai, sai dai shi yana sama yana gadin injin iska cikin inuwa, ni ina can ƙasa inda maza suke. Ban kula shi ba. Na ciro 'yar kwalbar daga aljihun gaba na ɗaga wa kwandasta. A cikinta akwai abu kamar ƙwayar wake, toka-toka, mai ƙyalli.

"Azurfa ce wannan," na ce. "Daga cinyata aka ciro ta."

"Kan noti ne," in ji Makaniki. "Na injina ne ma, na gane shi."

Bas ta kwashe da dariya. To, ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Ina saurayi, ƙarfina ya kai a ɗaura mini buhu biyu in hau tsani ina waƙa, aka tura mu lungun da ya fi kowanne zurfi. Ni ke riƙe da injin huda dutse. Wani falle ya ɓalle daga bango, fitilar goshina ta faɗa kan wata jijiyar ma'adini mai ƙyalli kamar sabuwar reza, irin wadda ban taɓa gani ba a duk ramukan da na shiga. Na buɗe baki in kira abokan aiki, sai wata tsohuwar nakiya da ta ƙi tashi a baya ta zaɓi wannan lokacin. Rufi ya sauko. Mutum ukun da ke tare da ni, Allah ya jiƙansu, ba wanda ya fito. Ni na fito. Daga baya ruwa ya cika lungun, aka toshe bakinsa da siminti. Shaidata kaf a duniya ita ce ɗan guntun da ya shige cinyata ya ƙi fita.

Tun daga ranar nake cewa na ga bangon azurfa, tun daga ranar kuma Makaniki yake cewa ƙarfen inji ne ya soke ni, sauran kuwa gigin buguwa ne. A hankali mutane suka koma bayansa. Suka sa mini Mai Azurfa, ba don girmamawa ba. 'Ya'yana in na soma labarin sai su tuna suna da aiki a waje. Jikoki ƙanana har kwaikwayona suke yi a tsakar gida, ɗaya ya kwanta yana riƙe cinya yana ihun "azurfa, azurfa!"

Da tsufa ya zo ƙafar ta fara mutuwa, likita ya ce sai an tsaga. Na ce a tsaga, amma abin da aka ciro a damƙa mini a hannuna. Ya ce jikina ya ɗinka wa abin jaka ya ɗaure bakinta, shi ya sa bai cuce ni ba. Na ce masa jikin da ya san darajar kaya ke nan. Makaniki ya zo dubiya da maganaɗisu a aljihu, ya kanga, abin bai kama ba. Maimakon ya ji kunya sai ya ce ai akwai notin da maganaɗisu ba ya kamawa. Shi ya sa muka hau bas zuwa wurin babbar jikata, wadda aikinta ke nan, auna duwatsu.

Ta tare mu a bakin ƙofa cikin farar riga har gwiwa.

"Angona, da wannan sandar za ka kai ni ɗaki?"

"Amarya, sandar ado ce. In kin ga dama mu yi tsere zuwa bene."

"Kaka Makaniki, sannu da ɗawainiya. Ya cika maka kunne a hanya?"

"Kunne ɗaya ya rage mini, 'yar nan, shi ma na ajiye ne don in ji hukunci."

Ɗakin nata sanyi kamar cikin randa, ko ƙura babu. Akwatunan ƙarfe farare a jere suna gurnani ƙasa-ƙasa, duwatsu a cikin kabad na gilashi kowanne a ɗan kwalinsa kamar jarirai. Ta juye abina a kan farar takarda, ta ɗaga shi da hantsaki, ta ce ya fi girmansa nauyi. Ta karce shi da wuƙa, wuƙar ta zame. Na dubi Makaniki. Ya dubi rufi.

Sai ta ɗauko wani abu mai kamar injin busar da gashi, ta kafa bakinsa a kan dutsen, ta danna. Ya yi ƙara sau ɗaya. Ta karanta abin da ya fito a bayansa, ta sake dannawa.

"Faɗi mana," in ji Makaniki. "Ai ba yaro ba ne."

"Tsoho," ta ce, kuma wannan karon ba ta ce angona ba, "babu azurfa a ciki. Ko ɗigo."

Ni da dutse ya danne ban yi kuka ba, amma wallahi a wannan lokacin sai da na nemi kujera. Makaniki ya buga cinya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kaka, dakata," ta ce masa. "Baƙin ƙarfen noti ma babu. Abu uku ne a ciki. Akwai kobal, wanda ake sa wa batirin waya, shi ne kuma ke rina gilashi shuɗi. Akwai ƙarfen tozali. Akwai farar wuta."

"To, ai ga shi nan!" in ji Makaniki yana share hawaye. "Haɗi ne. Farin ƙarfen da ake zuba wa boris ɗin da ƙafar inji ke juyawa a kai akwai tozali a ciki, ni na sha narka shi da hannuna. Aikin masana'anta ne ya ƙone a cikin nakiya."

"Ban ce ba, ban kuma ƙi ba," ta ce. "Wannan injin kayan haɗi kawai yake faɗa. Ba ya faɗar yadda aka gina su. Kayan gini ɗaya, wani ya yi gida da su, wani ya tara juji. In ana son a san ginin cikinsa, sai wancan." Ta nuna akwatin da ya fi girma. "Shi kuma gari yake ci. Sai an fasa an daka."

Ta aiki Makaniki ya sha ruwa a bakin baranda saboda tarinsa. Da ya fita ta durƙusa a gabana, ta rage murya.

"Tsoho, ji nan. Abin ƙarami ne. In aka buga yana iya tarwatsewa gaba ɗaya. Kuma in injin ya ce toka ce ta narkakken ƙarfe, ba zan yi maka ƙarya a gabansa ba. Ka mai da shi kwalba ka tafi da shi lafiyayye. Ba noti ba ne, wannan kaɗai ya ishe ka riƙe kai."

Na duba shi a kan takardar. Abin da ya kwana da ni fiye da yadda marigayiya matata ta kwana da ni. Da shi na yi aure, da shi na ɗauki kowane ɗa nawa a kan cinya. In na mai da shi kwalba, zan ci gaba da magana har in mutu, su kuma su ci gaba da dariya har su binne ni. In na daka, ko dai a daina dariyar, ko kuwa in koma gida ba dutse ba baki.

"Amarya," na ce, "ina turmin?"

"Ka tabbata?"

"Kira mini wancan mai tarin. A gabansa za a yi. Kuma ba wanda zai buga dutsen sai ni."

Ta sa mini tabarau, ta naɗe dutsen a takarda mai kauri, ta ɗora a kan faifan ƙarfe, ta miƙo 'yar guduma. Hannun nan ya fasa duwatsun da suka fi motar bas girma. Na yi bisimilla na buga.

Ƙas!

Ta warware takardar. Ya rabe biyu, da 'yan ɓarɓashi a gefe. Cikinsa kuwa, jama'a! Wanda ya ga bayansa bai ga komai ba. Sabuwar reza. Shi ne, shi ne dai wanda fitilata ta haska. Na ji ƙamshin jiƙaƙƙen dutse a hancina kamar yanzu na sauka.

Makaniki ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Ƙarfen boris lanƙwashewa yake yi in an buga," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. "Ba ya fashewa haka."

"Me ka ce? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Cewa na yi a jira inji."

Ta zuba ƙaramin ɓarin a wani ɗan turmi da bai fi kofin shayi ba, na daka da kaina har ya zama gari baƙi-baƙi. Ta shafa shi a ɗan faranti, ta sa a akwatin, ta rufe ƙofa. Ta ce haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi zai ratsa garin, ya dawo ya ba da labarin yadda aka jera abin da ke ciki. Muka zauna. A fuskar kwamfuta wani layi ya soma tafiya a kwance kamar macijin da ya ƙoshi.

"In toka ce, haka zai yi ta tafiya da 'yan tuddai marasa kai," ta ce.

Layin ya yi ta tafiya. Sai kawai ya yi tsalle sama, siriri kamar mashi, ya dawo. Ya sake tashi. Ya sake. Kafin a jima fuskar ta cika da tsinaye, dogo da gajere, kamar haƙoran zarto. Ta yi 'yan danne-danne, wasu jajayen layuka suka sauko daga sama, kowanne ya zauna daidai kan tsininsa. Ta cire tabarau ɗinta ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Angona," ta ce, "ka san abin da ka yi ta yawo da shi a wando?"

"Na sani mana. Ke nake jira ki sani."

Ta ce sunansa kostibait. Ta ce ita kanta a littafi kawai ta taɓa ganinsa, wuraren da aka same shi a duniya 'yan kaɗan ne, kuma galibi ƙwayoyi ne da sai an sa madubin ƙara girma. Ta karɓi kwalin ashanar Makaniki ta ɗaga.

"Kun ga wannan? Tsawonsa daban, faɗinsa daban, kaurinsa daban, amma kusurwoyinsa duk a miƙe. Haka ɗakunan cikinsa suke, ƙanana ƙwarai, jere bisa jere ba kuskure. Kowane kobal yana zaune a tsakiya, shida sun kewaye shi, uku tozali, uku farar wuta. Yana ma da ɗan'uwa mai kayan haɗi iri ɗaya sak, jerin ne kawai ya bambanta, sunansu kuma daban. Kaka, wannan ba aikin tukunyar masana'anta ba ne. A cikin ƙasa ya ginu."

"Nawa ake sayensa?" in ji Makaniki, don ya sami inda zai fake.

"Ba a ƙera zobe da shi. Masu bincike ne kawai za su yi rububinsa."

"Azurfa ko a kunnen 'yar tsana akwai ta," na ce. "Ashe rage wa kaina daraja nake yi shekara da shekaru. Amarya, sunan wa aka sa masa?"

"Ba sunan kowa ba ne. Daga kayan haɗinsa aka ciro sunan. Amma Tsoho, gaskiya wasu masana sun riga sun rubuta shi a wata ƙasa."

"Da wane ido suka gan shi?"

"Da madubi da inji."

"To. Ni da idon da Allah ya ba ni. Kuma kin ji da bakinki, ba su sa masa sunan kowa ba. Sun san mai shi bai iso ba tukuna."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Makaniki bai yi ba. Ya miƙo tafin hannu, na ɗora masa babban ɓarin. Ya juya shi a hasken taga.

"Ran da muka jawo ka," ya ce, "bakinka cike da ƙasa kana ta cewa a koma a duba bango. Na ɗauka kanka ne ya taɓu. Su ukun can, su ma sun gan shi?"

"Ban kai ga kiransu ba."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar mini da shi da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Sannan ya gyara hula ya ce, "Amma dai ba azurfa ba ce."

"Kuma ba notinka ba ne, mai gadin inuwa."

Jikata ta roƙi in bar musu ɓarin su sa a kabad. Na ce garin nasu ne, su yi ta aunawa har su gaji, dutse kuwa gidan ubangidansa zai koma. Ta rako mu har titi, tana ta kiran abokan aikinta a waya tun ba mu hau mota ba.

Yanzu yana nan a gidana, ƙofata kuma ba ta da sakata da rana. Na ji an ce har yanzu akwai masu murmushi in an ambace ni. Madalla. Duk mai musu ya sauka ƙarƙashin ƙasa, ya bar dutse ya rufto masa, ya fito da ransa, ya kawo mini nasa mu jera a kan tabarma. In ba zai iya ba, ya zo da jikarsa ta auna nawa.