Kiwon Habsa

Wayar ta sake ruri a jaka, Habsa ta danne ta ba ta ko duba ba. Ta riga ta san saƙon: an ɗauke wuta a jami'a tun safe, janareta ya ƙi tashi, na'urar da ke ɗumama ƙwayoyin halittar da take bincike a kansu ta fara hucewa. In suka mutu, wahalar shekara biyu ta bi ruwa, ga kwantiraginta ya kusa ƙarewa. Haka aikin bayan digirin dokta yake, ba sakamako ba kujera.

Amma ga Mma Samiratu, maƙwabciyarsu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kwance a katifa, numfashi sama-sama. Asibiti sun ce a mai da ita gida.

"Wa ke kira?" tsohuwar ta tambaya, ido a rufe.

"Ba kowa, Mma."

"Ƙarya. Dabbobinki ne."

Rafia, 'yar Mma, ta yi dariya da hawaye a fuska. Zancen dabbobin nan tsoho ne. Farkon fara aikin Habsa, wani ya ji an ce kullum tana wurin "sel", sunan ƙwayoyin halittar da Turanci, kafin la'asar duk unguwar Aboabo ta ɗauka 'yan sanda sun kulle ta. Kowa na ta surutu, Mma Samiratu kaɗai ta ƙunshe waakye a ganye, ta hau motar haya ta trotro, ta bi ofisoshin 'yan sanda tana neman 'yar maƙwabta. Washegari Habsa ta kai ta ɗakin bincike, ta ɗora mata ido a madubin ƙara girma. Tsohuwa ta daɗe tana kallo.

"Suna ci?"

"Suna ci, Mma. Jan ruwan nan ne abincinsu."

"To ai kiwo ne! Me ya hana ki ce kiwo?"

Daga ranar, duk mai tsegumin da ya ce wace irin dokta ce ko allura ba ta yi, sai Mma ta nuna shi da ludayi ta ce yarinya kiwo take, a bar ta.

Yanzu Habsa ta riƙe hannun tsohuwar ta faɗi gaskiya. "Dumso ne, Mma. Ba wuta. Sanyi zai kashe su."

"Kuma kin zauna kina kallona? Ni na ci nawa, na ƙoshi. Rafia na nan, Allah na nan. Tashi."

"Mma, ba zan iya..."

"Ban yi yawon polis don ki bar su su mutu ba. Tashi, 'yata."

Ta tashi tana kuka, ta tare babur. A jami'a ta rufe kwalaben ƙwayoyin a akwati, ta naɗe shi da mayafinta, ta ruga wani ginin da ke da wuta. Ta zuba su a na'urar ɗumamawa ta can, tana rufe ƙofar, waya ta yi ruri.

"Yaya Habsa," in ji Rafia, "Mma ta cika. Ta tambaya ko kin isa, na ce kin isa."

Habsa ta yi salati, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta. Godiya ce ta fi baƙin cikin yawa, kuma babu wanda za ta yi wa sai Allah. Da ta share ido, ta ɗora kwalba ɗaya a madubin kafin ta koma Aboabo. Ƙwayoyin suna nan manne, da ransu. Can gefe, ƙwaya ɗaya ta tsuke a tsakiya, a hankali tana zama biyu.