Kyamarar da Ke Tambaya

Shekara goma sha bakwai ina sana'ar hoto, amma ba ni da hoton Baba ko ɗaya. Na ɗauki 'yan makaranta layi-layi, na ɗauki ma'aikatan banki da wuyansu a shaƙe, har wani da ya kawo min akuyarsa na ɗauka. Baba kuwa, da ya hango babbar kyamarata rataye a wuyana sai ya kau da kai.

"Ɗauke min wannan igwa daga fuska," haka yake cewa. "Me na sata da za a auna ni?"

Hotonsa guda ne a gidan, na jikin lasisin tuƙi, tun gashinsa yana baƙi. Shi ma ruwa ya cinye rabinsa.

Ranar da likita ya ja ni gefe a barandar asibiti ya ce mu bar Baba ya ci duk abin da ransa ke so, na gane inda maganar ta dosa. Ban yi kuka ba. Ban ji komai ba ma. Abin da ya faɗo min a rai shi ne ina bukatar ƙaramar kyamara, wadda Baba ba zai gani ba. Da kunya a faɗa, amma abin da na yi tunani ke nan.

Shagon kayan hoto yana hawa na biyu, sama da mai gyaran agogo. Mai shagon ya san ni, a wurinsa na sayi babbar.

"Maigida, kai da kake da giwa, me za ka yi da ɓera?"

"Giwa ba ta shiga ɗakin marar lafiya," na ce.

Bai ƙara tsokana ba. Ya jera min guda huɗu a kan gilashin kanta. Na faɗa masa abin da nake nema: ta shige aljihun riga, kada ta yi ƙara, kuma ta iya gani a ɗaki mai ƙarancin haske, don wayata in haske ya yi ƙasa sai ta mai da fuska kamar an shafa mata toka.

Ta farko, in an kunna ta, hancinta kan fito da ƙugi. Ta biyu ta fi ƙarfin aljihu. Ta uku takan harba fitila da kanta ba da izinin kowa ba. Ta huɗu baƙa ce, shiru, ta kwanta a tafin hannu. Na ɗauki fankar shagon da ita, na ɗauki hannun mai shagon, na leƙa taga na ɗauki titi. Hoton titin ya girgiza, na danna in goge, sai ta tsaya tana tambayata ko na tabbata.

Wannan ya ɓata min rai. Mu masu hoto ba ma ajiye hoton da ya lalace, nan take muke gogewa, kafin mai shi ya ce a nuna masa. Babbar tawa yatsa ya riga ya haddace ta, danna biyu hoto ya tafi. Wannan kuwa sai ka sauka ka zaɓi amsa.

"Ba a kashe wannan tambayar?"

"Ba a kashewa. Haka aka halicce ta, kamar uwargidana."

Awa ɗaya da rabi na yi ina juya su, mahaifina yana kwance. Daga ƙarshe na ɗauki mai tambayar, don babu wadda ta kai ta shiru.

Gadon Baba yana jikin taga, hasken yana bayansa, wato mafi munin wurin da za a ajiye mutum. Yaya, babbar 'yarsa, tana zaune tana ɓare masa lemo. A ranar Baba yana da ƙarfi. Yana ba ta labarin wata tsohuwar motar da ya tuƙa, wadda ba ta tashi sai an zage ta. Na zaro kyamarar, na riƙe ta daidai cikina, na danna. Ko sauro bai ji ba.

Na juya baya na duba. Baba yana dariya, baki buɗe, amma kansa ya motsa, tagar kuma ta ƙone fari fat. Hoton da ko ɗan koyo ba zai nuna wa ubangidansa ba. Na danna in goge, kyamarar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Gobe da safe rana za ta koma ɗaya gefen.

Nas ta miƙo min takardar magani. Na ajiye kyamarar a kan ɗan akwatin gefen gado, na kife hulata a kai, na sauka. Da na dawo na tarar da su biyun suna danne dariya. Ban tambaya ba.

Da safe hasken ya zo yadda nake so, mai laushi, daga hagu. Sai dai sun riga sun rufe masa hanci da baki da robar iska. Na ce in jira a cire. Ba a cire ba sai rana ta huɗu, bayan ya cika.

Mutane suka zo suka tafi. Ina miƙa hannu, ina amsawa, ina jin muryata kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa. Wani ya tambaya ko akwai hoton marigayi, tunda ga ɗansa mai hoto. Na ce ana wankewa.

Bayan mako guda na buɗe shagona. Yaya ta biyo da jakar kayan Baba na asibiti, ta zauna a kujerar da nake zaunar da masu fasfo. Ni kuma na ciro ƙaramar kyamarar, da niyyar in share ta in mayar wa wanda ya sayar min. Ga fanka. Ga hannun mai shago. Sai wani abu ruwan ƙasa, dishi-dishi, ya cika gilashin, ba kai ba gindi. Kafin in yi tunani yatsana ya danna. Tambayar ta fito.

"Tsaya," in ji Yaya. Ta taso ta leƙa ta kafaɗata. "Ashe ya fito."

"Mene ne ya fito?"

"Ranar da ka je sayen magani. Ai ya gan ka tun kana zaro ta. Ya ce, wai yaron nan ni zai yi wa wayo? Ya ce in miƙo masa, zai ɗauke ka kana shigowa, ya rama. Ya ga yadda kake manna ido a babbar, sai ya manna nasa a wannan zagayayyen gilashin na gaba. Ni ma na ɗauka ta nan ake leƙawa."

Na sake dubawa. A bayan rubutun tambayar akwai gira, fara. Ƙarƙashinta ido ne guda, ya matso har ya narke, gefensa ya tattare yadda yake yi in yana shirin yi wa mutum shaƙiyanci. Babu abin da ke daidai a hoton, haske ko saiti.

Sai a lokacin na ji tsoro irin wanda ban ji ba a asibiti. Yatsana yana nan a kan maɓallin, kuma na san halinsa.

Na miƙa mata kyamarar da hannu biyu.

"Yaya, ke danna a'a," na ce. "Ban yarda da hannuna ba."