Ɗaurayar Ƙarshe

Shekara goma sha ɗaya Mai Guga yana sana'ar wanki da guga bai taɓa ƙona ko hankicin mutum ba, sai a watan nan da ya bar wa farar rigar wani malamin makaranta shatin dutsen guga a kafaɗa. Jikinsa ne kawai a shago, hankalinsa yana gida wurin 'yarsa.

Gimbiya yake ce mata. 'Yar fari ce, watanta biyar. Tun tana wata uku kumatunta suka bushe suka yi ja, daga nan abin ya gangara wuya, ya shiga lungun hannu da bayan gwiwa. Yarinyar da ko zama ba ta iya ba, amma ta ƙware a susa. Ta goga fuska a kafaɗar uwarta, ta goga a katifa, in an sa mata safar hannu ta cire da baki. Barcinta ba ya wuce na kaza, na iyayen ma haka.

Nas ɗin asibitin unguwa ta duba ta ce kirci ne irin na jarirai, ba a ɗaukarsa, sai dai yana son lallaɓawa. A yi mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, kada a daɗe. A tsane jikin, kada a goge. A shafa mai marar ƙamshi tun da sauran danshi, a yanke farce, a sa mata kayan auduga. Ta ba su sabulu fari wanda ba ya ƙamshin komai, sannan ta tambaya yadda ake wanke kayan yarinyar.

Matarsa ta yi dariya ta ce, "Ai babanta mai wanki ne."

"To kun huta," in ji nas, ta kira na gaba.

Mai Guga yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji kansa ya ƙara girma. Shi bai iya lallashi ba, bai iya shafa mai ba, hannunsa kaushi ne da shi kamar soso. Abin da ya iya shi yake yi. Kullum da safe ya ɗauki jakar kayan Gimbiya ya tafi da ita shago, ya wanke su su kaɗai kafin na kowa. A ɗaurayar ƙarshe kuwa yana da wani haɗi nasa da ko matarsa ba ta sani ba: murfi ɗaya na shuɗin ruwan nan mai sa kaya laushi, ɗigo biyar na turaren kaya, sannan feshin sitaci kafin guga. Da wannan haɗin ya kama manyan kwastomominsa. Da ciwon ya tsananta sai ya mai da murfin biyu, don kayan su ƙara laushi. 'Yar mai wanki ba za ta sa rigar da ta yamutse ba, ko da singileti ce mai faɗin tafin hannu.

Ciwo dai bai tafi ba. Matar ta bar ƙwai, ta bar madara, ta bar gyaɗa, har ta fara ramewa. Sai Gwaggo ta zo. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi, kuma ba mace ce mai mugun baki ba. Ta juya yarinyar, ta duba wuya, ta duba ƙafa.

"'Yar nan, ba laifinki ba ne, amma akwai nonon da ba ya karɓar yaro," ta ce wa matar. "Ki gwada ɗauke mata na mako ɗaya mu gani."

Matar ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi silin. Ranar Litinin aka sayo madarar gwangwani.

A wannan Litinin ɗin ce injin wankin shagon ya yi wata ƙara ya tsaya da ruwa a cikinsa. Kayan mutane suka taru har bakin ƙofa. Mai Guga ya koma wanki da hannu, yana fita da sassafe ba ya ko tuna jakar Gimbiya. Matar ta riƙa cuɗa kayan a gida da farin sabulun nas, ta ɗauraye, ta shanya a igiyar baranda, ta sa mata haka nan a yamutse. Da ya gani ransa ya sosu, amma gajiya ta hana shi magana.

Ranar Alhamis jan kumatun ya fara dushewa. Wuyan ya daina tsatstsafo ruwa. Gimbiya ta yi barcin awa uku a jere da rana tsaka, har uwar ta riƙa zuwa tana kara yatsa a hancinta.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo, ba da gadara ba. "To a ƙarasa. Asabar ki je kemis su ba ki maganin da zai ƙafar da nonon, ki huta da wannan kumburin."

Ya kamata Mai Guga ya yi murna, kuma ya yi. Sai dai da safiyar Juma'a ya tarar da matarsa a banɗaki ta sunkuya tana tatsar nono tana zubarwa, ta kunna famfo don kada a ji kukanta. A falo Gimbiya tana ture kwalbar madara tana juya kai tana neman abin da ta saba. Ya ɗauki jakar kayan ya fita ko karyawa bai yi ba.

Ya samu mai gyaran inji ya riga shi zuwa, ya kwance bayan injin, yana zuƙe ruwan da ya kwana huɗu a ciki. Mutumin ya miƙe yana yarfe hannu.

"Maigida, me kake zuba wa abin nan ne? Ƙamshi kamar ɗakin amarya, amma dubi yadda ya tasar mini da ƙaiƙayi a hannu."

Mai Guga ya yi dariya ya ce fatar masu gyara ce ba ta san daɗi ba. Inji ya tashi. Ya zuba kayan Gimbiya, ya yi musu haɗin nan murfi biyu, suka bushe, ya fesa sitaci ya soma guga. Yana kan singileti ta uku ya ankara yana sosa wuyan hannunsa a gefen tebur, daidai wurin nan busasshe da ya daɗe yana kira tambarin sana'a. Ya ɗaga dutsen gugar ya ajiye. Ya ƙirga kwanakin da yatsu. Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ya sake ƙirgawa, ba su canja ba.

Ya zauna, ya tashi. Ya fita ƙofar shago, ya dawo. Ya ɗauki singiletin da ya goge, ya cusa ta cikin wuyan rigarsa ta manne da fata, ya ci gaba da aiki a cikin zafi. Kafin la'asar wurin ya fara yi masa tsikari. Ko zufa ce, ko tsoro ne, bai sani ba. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta tana neman tashi a masaƙa.

Ya rufe shago da wuri. A hanya wata dabara ta zo masa, mai sauƙi ƙwarai: ya daina haɗin kawai, ya yi gum da bakinsa. Yarinya za ta warke, Gwaggo ta ci gaba da zama mai gaskiya, shi kuma ya ci gaba da zama baban da nas ta ce sun huta da shi. Wa zai sani? Ya wuce shagon aski, ya wuce mai faci, ya iso ƙofar gidansu ya zarce. Ya zagayo ta bayan makaranta ya sake wucewa. Abin da ya hana dabarar zama shi ne ƙarar famfon nan na safe. A zagaye na uku ya hau bene.

Ya tarar da matar ta yafa mayafi, jaka a hannu. Ta ce ba za ta iya kaiwa gobe ba, ƙirjinta kamar zai fashe, gara ta je kemis yanzu. Gwaggo tana kan kujera tana jijjiga Gimbiya.

"Maman Gimbiya, dakata," ya ce. Ya zaro singiletin daga wuyansa ya miƙa mata. "Shinshina."

Ta shinshina. "Ƙamshin kayanta ne, na kullum."

"Tun Litinin ta sa kaya mai wannan ƙamshin?"

Ta girgiza kai. Sai ya faɗa musu duka, murfin, ɗigon turaren, sitacin, da yadda ya ninka lokacin da ciwon ya ƙaru. Yana magana yana kallon tayil.

"Ban ce na tabbata ba. Gobe mu koma wurin nas, ni zan yi mata bayani da bakina. Amma kada ki sha komai. Ina jin ba ke ba ce, ni ne."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, garin neman gira za ka sa mu rasa ido. Ni ma da na yi saurin yanke hukunci." Ta miƙa yarinyar ga uwarta.

Matar ba ta yi faɗa ba, shi kuwa da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye jaka, ta zame mayafi, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Gimbiya ta kama nono da ƙarfi har uwar ta runtse ido. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar haɗiya da ɗan hannun da ke dafe da rigar uwar maimakon kumatu.

"Kwana huɗu ina zubar da shi," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ina ce masa mugu."

Ya kwashi kayan da ya dawo da su daga shago, goma sha biyu a linke kamar na kanti, ya shiga banɗaki ya zuba su a bokiti. Ya ɗauraye, ya zubar, ya shinshina, ya sake tarawa. Sai a ruwa na bakwai ƙamshin ya saki. Ya matse su ya fito baranda ya shanya, hannunsa yana ta miƙar da gefen kowace riga da kansa.

"Baban Gimbiya," ta kira daga ciki.

"Na'am."

"In sun bushe kada ka goge."

"Ba zan goge ba," ya ce, ya saki gefen rigar ta koma yadda take.